Yawon Arba'in a Cikin Kwale-kwale

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da baƙi ba. Wasu da zuciya ɗaya suke zuwa, su ce, "Hajiya, ya ƙasar take?" Wasu kuwa sannu da zuwa ce kawai a baki, abin da ya kawo su shi ne bidiyon nan da ya zagaye wayoyin Funtuwa, wanda aka gan ni zaune a kwale-kwale da rigar hana nutsewa a kan hijabi, ga mai jego a bayana. Na ji an ce na zubar da girma. Na ji an ce daga zuwa wankan jego na koma 'yar yawon shaƙatawa. To, ga labarin daga bakina, domin na gaji da maimaitawa, kuma mai labarin ta ba ni izini. Ni ce a bidiyon, ba haɗi aka yi ba, kuma da za a mayar da ni ranar, sake shiga zan yi.

'Yata ta fari, wadda 'yan gida ke kira Walida, tana aure a garin Greensboro da ke jihar North Carolina. Mijinta Malam Nuhu aikin kwamfuta yake yi. Da ta haihu, namiji, haihuwar fari, ba halin ta zo gida wanka, sai ni na ɗaura ɗamarar zuwa. Na cika akwati da kanwa da garin gero da yajin jego da daddawa da turaren wuta, na shanya ganyen darbejiya ya bushe na ƙulle a leda, ƙanwata ta kawo kilishi ta ce a kai wa ango. Mota ta kai ni Abuja. Hanyar nan kun san ta, salati muka yi ta yi har muka shiga gari. Jirgi kuwa ba abin da zan ce sai dai ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na sauka da safa kamar mara lafiya.

A bakin shiga ƙasar aka fara yi da ni. Ina tsaye ina jiran akwati sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna a gefen kayana. Na ja hijabina na ce, "Kai, tafi can!" Ashe ma'aikaci ne. Aka kai ni gefe aka buɗe komai. Kilishi ya tafi, an ce nama ba ya shiga. Ganyen darbejiya ya bi shi. Da jami'in ya buɗe robar daddawa sai ya ja da baya yana ƙifta ido, na ce masa da ɗan Turancina na tsohuwar malamar firamare, kayan miya ne. Kanwa ce ta fi ɗaure masa kai, yana ta juya ta yana tambaya wane irin dutse ne wannan. Na karɓa na ɓantara na lasa a gabansa. Ya yi dariya ya mayar mini da ita. Daga nan wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni.

Gidansu ba a cikin gari yake ba, a McLeansville ne, gabas da birnin. Gida nan, fili, gona, sai ka yi tafiya kafin ka ga wani gidan. Babu katanga, babu zaure, amma kuma babu mai leƙowa. Gidan na katako ne, in ka taka nan sai can ya amsa. Ranar da na fara dafa ruwan wanka na kunna turaren wuta, wata na'ura a rufin ɗaki ta ɓarke da ihu har na yar da kasko na yi waje ba takalmi. Malam Nuhu ya hau kujera ya kashe ta, kansa a sunkuye, ni ma nawa a sunkuye, kowa na jin kunyar kowa. Abinci ma sai haƙuri. Kazarsu ta yi girman talotalo amma ba ta da ɗanɗano, burodinsu zaƙi kamar alkaki. Da daddawar nan da aka so a raina na ceci bakina.

An yi suna, 'yan uwa Hausawa sun zo da motoci, an ci an sha, an yi hotuna, kafin la'asar kowa ya ce yana da aiki gobe. Shi ke nan. A gida mai jego ba ta sanin kaɗaici, wannan ta shigo da kunu, waccan ta karɓi jariri, wata ta zo da gulmar unguwa. A can daga ni sai ita sai ƙarar firij. Malam Nuhu ya fita da safe, sai magariba.

Walida tana yin duk abin da na ce. Ta yi wanka, ta sha kunun kanwa, ta ci gasasshen nama da yaji. Amma in ta ba yaron nono, bango take kallo, yana saki ta miƙo mini shi. Ba ta masa wasa, ba ta kallon fuskarsa, ko sunansa ba ta faɗa. Ni kuwa har daɗi na ji a raina. Na ce kai, yarinyar nan duk zaman Turai bai cire mata kunyar ɗan fari ba. Ai haka aka yi mu, ni ma ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa zaunar da ita na kalli idonta na ce me ke damunki ba. Har waya na yi wa ƙanwata ina yabon tarbiyya.

Wadda ta buɗe mini ido ita ce Anti Saratu, wata 'yar Kagoro, sa'ata, mai aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Tun Walida na ɗaliba a can suka saba, takan biyo bayan ta taso coci da kwanon gwate. Ranar ta zauna ta yi ta kallon Walida, sannan ta ja ni kicin.

"Hajiya, wannan fa ba kunya ba ce."

Na ce, "Ke Saratu, ku ba ku san al'adarmu ba."

Ta ce, "Na san ta sarai, a Zariya na girma. Mai kunyar ɗan fari in ta ga ba kowa, sata take yi ta sumbace shi. Kin taɓa kama ta tana satar kallonsa?"

Gaskiya ban taɓa ba. Saratu ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani, amma in aka yi sake yakan kai mace ga hallaka kanta. Ta ce ta tambayi Walida, ba ta samu komai ba sai "I'm fine, Anti." Ni ma da na daure na yi tambayar daga bakin ƙofa, abin da na samu ke nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ƙetare duniya don in gasa mata jiki, ga shi yarinyar tana zamewa daga hannuna ina kallo.

Saratu ce ta gaya mini cewa kafin aure Walida ba ta da abin so kamar tuƙa kayak, wani ɗan siririn jirgin ruwa na mutum ɗaya. Duk ƙarshen mako tana tafki da 'yan ajinsu. Bayan aure aka fara ƙananan maganganu, wai matar aure da wando a kan ruwa, sai ta bari. Lokacin arba'in ta matso, har wata babbar Hajiya ta garin ta bugo ta tsara mana gidajen da za a kai jariri yawon arba'in. Na ga yadda fuskar Walida ta yi da ta ji. A gida yawon arba'in fita ce, mace ta sha iska, ta ga dangi, ta tuna ita mutum ce. Wannan kuwa daga falo zuwa falo ne, a zauna ana ce mata ta gode wa Allah. Na ce wa Saratu, "Ranar da ba ki da aiki, zo ki kai ni inda ake hayar jiragen nan."

Ni fa 'yar Funtuwa ce, ruwan da na sani shi ne na randa da na rijiya. Amma haka muka fita neman kwale-kwale, tsofaffi biyu a mota.

Wurin farko wani ƙaton kanti ne, jirage rataye a bango kala-kala. Wani saurayi ya yi ta yi mana bayani da fara'a, sai can ya tambaya ko motarmu tana da abin ɗaurawa a sama. Ashe sayarwa suke yi. Na ce masa ɗana, aro muke nema, ba gado ba. Wuri na biyu da nisa, a bakin wani kogi. Su tsarinsu su ɗauke ka a mota su kai ka can sama, ruwa ya gangaro da kai ta cikin duwatsu. Na ga samari ba riga suna ihu, na ga wani jirgi ya dawo a kife. Na ce Saratu, juya motar nan, mai jego zan kawo, ba mai neman suna ba.

Na uku wani tafki ne arewa da gari, ta wajen Summerfield, inda ake wuce gonakin dawaki masu fararen shingaye. Ruwan ya kwanta luf, ya yi mini, amma ɗakin hayar a rufe, ranar hutunsu ce. Muka zauna a benci na fito da cincin. Sai ga wasu manyan agwagi masu baƙin wuya. Na jefa wa ɗaya don Allah, sai dangin gaba ɗaya suka taso mini suna huci. Na tattare zani na zura da gudu, Saratu tana dariya har da riƙe ciki, ba ta ko taimake ni ba. Wani dattijo baƙar fata da ke kamun kifi ne ya kore su da hula. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce mu dawo nan ɗin, amma da safe kafin iska ta tashi, kuma a tsakiyar mako lokacin da ba cunkoso. Ya dubi zanina ya ce kada in yarda a ba ni kayak, in nemi buɗaɗɗen kwale-kwale mai wurin zaman mutum biyu. Kafin mu tafi na zagaya na duba da kaina. Akwai banɗaki mai tsabta inda za a yi alwala, akwai rumfa mai inuwa kusa da ruwa. Na ce nan ne.

Saura surukina. Tun zuwana ban taɓa haɗa ido da shi ba, magana ma ta bayan ƙofa muke yi. Ranar na zauna a falo na sa aka kira shi. Ya durƙusa a gefen kujera. Na ce ina so ya ɗauki hutun yini guda, zai kai mu tafki, kuma shi zai riƙe yaro a rumfa domin ba a shiga ruwa da jariri.

Ya ce, "Umma, tafki kuma? Ai babbar Hajiya ta riga ta shirya gidajen da za a je. Kun san mutanenmu, magana za su yi."

Na ce, "Su yi. Bakinsu ne."

"Umma, da dai an ƙara haƙuri, ana ta addu'a..."

Na ce, "Addu'a ina yi tun kafin a haife ka, kuma ban daina ba. Matarka ba ta da lafiya. Ni na zo daga Funtuwa ban gane ba, kai kana kwana gida ɗaya da ita ba ka gane ba. Waɗanda kake tsoron bakinsu, wa ya taɓa zuwa ya yini da ita?"

Yaron kirki ne, tsoron mutane ne ya yi masa yawa, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce to.

Walida ba ta yi murna ba, ba ta kuma ƙi ba, ta shiga mota kamar yadda take shan kunu. Ni na sa wandon aikin Saratu a ƙarƙashin zani, wanda ya ga dama ya ƙara wannan a cikin laifuffukana. Matar da ke ba da haya, wata baturiya mai furfura, ta ɗaura mini rigar hana nutsewa a kan hijabi ta ja igiyoyi har na ji numfashina ya tsaya. Ta ce abu ɗaya za ta roƙe ni, kome ya faru kada in miƙe tsaye. Ta ce wanda ya iya tuƙi shi ke zama a baya. Saboda haka ni a gaba, Walida a bayana, duk muna fuskantar ruwa.

Da jirgin ya bar gaɓa na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. An ba ni filafili, na riƙe shi kamar muciya ina ta tuƙa ruwa, jirgin ya dinga juyawa a wuri ɗaya. A nan ne wani ɗan garinmu da ya zo kamun kifi ya ɗaga waya, Allah ya saka masa daidai da niyyarsa. Sai na ji murya daga bayana.

"Umma, ɗora shi a cinya kawai. Bar ni da shi."

Na ɗora. Jirgin ya miƙe sumul. Ina jin yadda take sa filafilin a ruwa tana zarowa, ba gaggawa, hannun wanda ya san abin da yake yi. Muka wuce wasu kunkuru da suka jeru a kan kututture, muka shiga wani lungu da itatuwa suka rufe, har rumfar ta ɓace mana. Can ta daina tuƙi. Shiru, sai ruwa na ɗan bugun gefen jirgi.

Ban shirya abin da zan faɗa ba. Amma na lura da wani abu, ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata. Ƙeyata kawai take kallo. Abin da ya gagare ni a ɗaki sai ya zo mini da sauƙi. Na ce, ina kallon itatuwa, "Gaya mini. Ba mai jin mu sai Allah."

Sannan ta ce, "Umma, ba na jin komai in na ɗauke shi. Ina jira in ji son nan da ake faɗa, shiru. Wace irin uwa ce ni?"

Na ce, "Ina jin ki."

"In ya yi kuka ji nake kamar in buɗe ƙofa in yi ta tafiya. Wani lokaci in na kwanta sai in ce da ma kada in farka, ku huta, ya samu uwa ta gari." Ta ƙara da cewa, "A asibiti sun tambaye ni, na ce lafiya lau. Tsoro nake in na faɗa su ce ban iya riƙe shi ba, su karɓe shi."

Jikina gaba ɗaya ya so ya juya in rungume ta. Na motsa, jirgin ya karkata, ruwa ya taɓa mini hannu. Dole na koma na zauna daram. Sai na miƙa hannu ta baya ba tare da na waiwaya ba, na lalubo ƙafarta na riƙe idon sawun gam.

Na ce, "Saurara. Ciwo ne, kamar zazzaɓi, ba halinki ba ne, ba kuma raunin imani ba. Saratu ta ce likitoci sun san shi, magani suke bayarwa, ba raba uwa da ɗa suke yi don ta ce ba ta da lafiya ba. Kuma ina nan. Duk mai son taɓa yaron nan sai ya bi ta kaina. Ke kuma ba ki isa ki tafi ki bar ni ba, ni na riga ki zuwa, ni zan riga ki tafiya."

Ta yi kuka, irin mai sauti, wanda rabon da in ji daga bakinta tun tana 'yar ƙarama. Na bar ta ta yi mai isarta, hannuna yana kan ƙafarta, bayana yana ciwo, ban saki ba. Da ta nutsu ta wanke fuska da ruwan tafkin, ta juya jirgin.

Mun iske Malam Nuhu yana kai da kawowa a rumfa, yaro na tsala ihu, rigarsa duk tumbuɗi. Tun kafin a cire mini rigar hana nutsewa, Walida ta tsaya a gabansa ta ce, "Gobe za ka kai ni asibiti. Zan gaya musu gaskiya." Ya dube ni, na dube shi ido cikin ido, ya ce, "In sha Allahu, da sassafe." Muka shimfiɗa tabarma muka ci funkaso da farfesun da na zo da su a kula, har baturiyar na ɗiba wa, ta ci tana hawaye saboda yaji.

Kada wani ya ce na ce kwale-kwale magani ne. An je asibiti, ni da Saratu muna zaune a waje. An ba ta magani, an haɗa ta da wata likita da suke zama suna magana, ba wanda ya taɓa yaron. Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba, akwai ranakun da ta koma kallon bango. Na ɗaga tafiyata. Babbar Hajiyar nan ta bugo tana faɗa a kan gidajen da ba mu je ba, na ce mata mun yi yawonmu, mun gode. Mun sake komawa tafkin, har Malam Nuhu ya shiga sau ɗaya, ya fi ni tsoro.

Ana saura kwanaki in taho, na idar da sallar asuba barci ya sace ni a kan darduma. Na farka rana ta fito, gidan tsit, gadon yaro ba kowa, ɗakinta ba kowa. Na fito da gudu ina tuntuɓe, na tura ƙofar baya.

Tana zaune a kan matakala, ta kwantar da shi a cinya tana riƙe da 'yan ƙafafunsa, ta sunkuya har hancinta na taɓa nasa, tana yi masa wata magana marar kan gado. Ta ɗago ta gan ni a tsaye ba ɗankwali. Ba ta ji kunya ba, ba ta miƙo mini shi ba.

Ta ce, "Koma ki kwanta, Umma. Hira muke yi."

Na koma ɗaki na rufe ƙofa, na toshe bakina da filo don kada in katse musu hirar.